Filin Tambayoyinku: Yaya zan ƙirƙiri mutanen wata duniya a labarina?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu ɗaya suke, masu rubuta ƙagaggun labaran kimiyya ne ke neman yadda zasu ƙera halittu masu kama da mutane amma daga wata duniyar. Na tsinci guda huɗu, na farkon shi zamu fi daɗewa a kai saboda sauran duk a jikinsa suke rataye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta labari ne a kan wasu halittu da na sa musu suna Zumkawa, suna da kai da hannu biyu da ƙafa biyu kamar mu, amma na basu shuɗiyar fata da ƙaho da ido uku. Da na ba abokaina suka karanta sai suka ce wai mutum ne kawai na shafa wa fenti. Wallahi abin ya dame ni, dan Allah me zan ƙara musu? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba ƙari zaka yi ba, komawa baya zaka yi, domin ka fara gini ne daga fuska alhali daga ƙasar da suke takawa ya kamata ka fara. Abokanka gaskiya suka faɗa maka kuma ka gode musu. Ƙahon nan me yake musu? Ido na ukun me yake gani wanda biyun basa gani? In baka da amsa to mai karatu ma zai ji a jikinsa cewa ado ne kawai.

Fara da nauyi. Kowace duniya tana da ƙarfin da take jawo abu zuwa ƙasa, a duniyar Mas ƙarfin bai wuce kashi 38 cikin 100 na namu ba, wato mai kilo 70 a nan zai ji kansa kamar kilo 27 a can, a kan wata kuma kashi ɗaya ne cikin shida. Jiki kuwa yana bin wannan ƙarfin sosai, 'yan sama jannatin da ke zama a tashar sararin samaniya suna rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ƙashinsu duk wata saboda ƙashin baya ɗaukar kaya, kuma tsayinsu yana ɗan ƙaruwa don gadon baya ya saki. To kaga in duniyar Zumkawa ta fi tamu ja da rabi, mai kilo 70 zai koma kamar 105, bazai yiwu ka yi su dogaye sirara masu dogon wuya ba, gajeru zasu zama masu kaurin ƙafa da faɗin tafin sawu da zuciya mai ƙarfin tura jini sama, kuma faɗuwa ko daga kan ɗan dakali ce babban hatsari ce a wajensu, saboda haka gidajensu zasu kasance a ƙasa-ƙasa, yaransu za'a hana su tsalle tun suna ƙanana, mai hawa sama a cikinsu kuwa jarumi ne ko mahaukaci. Kaga daga lamba ɗaya mun samu jiki da gini da tarbiyya.

Kuma ka kiyayi yin su ƙattai haka kawai don su bada tsoro. Tun 1638 Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya rubuta cewa in ka ninka girman abu sau biyu ta kowane gefe nauyinsa sau takwas yake ninkuwa amma ƙarfin ƙashin da zai ɗauki nauyin sau huɗu kawai. Robert Wadlow ɗan Amurka, wanda tsayinsa ya kai mita 2.72, sai da ƙarafunan tallafi a ƙafa yake tafiya, kuma yana da shekara 22 ya rasu a 1940. In kana son dogaye to ka basu ƙaramar duniya mai sauƙin ja.

Sai rana. Nan ne ni nafi jin daɗin aikin gaskiya. Yawancin taurarin da ke cikin tarin taurarinmu, wajen kashi 70 cikin 100, ƙananan jajaye ne da basu kai ranarmu zafi ko haske ba. Wadda ta fi kusa da mu, Proxima Centauri, irinsu ce, haske na shekara 4 da ɗoriya kafin ya iso mu daga can, kuma a 2016 aka gano wata duniya tana zagaya ta da shekararta gaba ɗaya kwana 11 ne kacal. A 2017 kuma aka sanar da duniyoyi bakwai kewaye da tauraruwar TRAPPIST-1. Duniyar da ta matso kusa da tauraruwarta haka, masana na ganin da alama fuska ɗaya take nuna mata har abada, yadda watanmu yake nuna mana gefe ɗaya, wato ɓangare guda rana ce da bata faɗuwa, ɗayan dare ne da baya wayewa, a tsakiya kuma akwai zirin da kullum yake kamar almuru.

Ɗauki Zumkawanka ka ajiye su a zirin nan ka ga abin da zai faru. Hasken ja ne mai rauni, don haka idanunsu manya ne irin na mujiya, kuma yanzu ido na ukun ya samu aiki, ka mayar da shi ya zama mai ganin zafin jiki, abin da ba ƙarya bane tunda mesa da wasu macizai suna da ƙananan ramuka a fuska da suke gane ɗumin dabba da su cikin duhu. To mutanen da ke ganin zafin jikin juna, ya zamansu zai kasance? In Bazumke ya ji kunya ko ya yi fushi ko zai yi ƙarya jini ya hau fuskarsa kowa na gani ƙarara. Sai ya zama rufe goshi a gaban babba shine ladabi, ko kuma akasin haka, wanda ya shigo wajen shari'a da fuska a rufe an san da abin da yake ɓoyewa. Ka kwatanta ranar da ɗan Adam na farko ya sauka, yarinya Bazumkiya ta leƙo daga bayan uwarta ta ga wani dogon abu yana ci kamar garwashi daga wuya zuwa kunne, tana jan hannun uwar tana tambaya me ya ɓata masa rai haka, alhali shi bawan Allah gajiya ce kawai da nauyin da ƙasarsu ta ɗora masa. Wannan gurin guda ɗaya ya fi shafi goma na bayanin kalar fata.

Sannan basu da jiya da gobe irin namu tunda rana bata motsi, to da me suke sanin lokacin barci? Wa yake kula da lokaci, kuma wane iko wannan ya bashi? Irin taurarin nan kuma suna yawan yin tartsatsin wuta mai ƙarfi ba zato, kaga dole a samu maɓoya a ƙarƙashin ƙasa da mutanen da aikinsu kallon sama su yi gargaɗi.

Shuɗiyar fatar ma zaka iya barinta in ka bata dalili. Jininmu ja ne saboda sinadarin ƙarfen da ke ɗaukar iskar oksijin, amma oktofus, halittar tekun nan mai hannu takwas, jan ƙarfe ne a nasa jinin shi yasa yake shuɗi. Sai dai irin wannan jinin a jikin mai gudu da tsalle bai kai namu ɗaukar iska ba, to ka biya kuɗin abin, Zumkawa su zama masu saurin haki, yaƙinsu na kwanton ɓauna ne ba na bin abokin gaba a guje ba. Duk baiwar da ka basu ka karɓi wani abu a madadinta, manyan idanun nan in suka zo duniyarmu da tsakar rana makancewa zasu yi. Ƙahon kam ni dai a ganina ka cire, sai in ka samo masa aiki.

TAMBAYA: Malam ni nawa halittun suna ɓacewa, suna karanta zuciyar mutum, suna canza siffa, sai yayata ta ce ai aljanu na rubuta. Meye bambancin? Daga wata mai bibiyar filin.

AMSA: Ƙanwata yayarki ta kama bakin zaren. Labarin kimiyya yana tsayuwa ne a kan cewa halittar tana da jiki, jikin kuma yana da iyaka da mai karatu zai iya ganewa har ya yi hasashen abin da zai biyo baya. In suna iya komai to babu abin da zai sa zuciyar mai karatu ta buga. Zaɓi ɗaya cikin ukun ki nemo masa hanya. Ɓacewa misali, hawainiya da oktofus suna sauya kalar fata su saje da inda suke, to naki su yi haka amma sai in sun tsaya cak, kuma tufafi baya sauyawa tare da su. Karanta zuciya kuma ki mayar da shi jin bugun zuciya ko ƙanshin tsoro ko ɗan lantarkin da ke jikin mai rai, kifin shak yana gano abincinsa da wannan lantarkin ko ya ɓuya cikin yashi. Kuma ki tuna ƙwaƙwalwarmu da bata wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba tana cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki yake samu, to wadda ke yin aikin da ya fi wannan sai ta bar mai ita da yunwa da gajiya bayan kowane amfani.

TAMBAYA: Jarumina ɗan Adam ne, yana son wata daga cikinsu, inaso su haihu a ƙarshe. Zai yiwu? Daga wani marubuci sabon shiga.

AMSA: Soyayyar kam babu matsala Malam, haihuwar ce da wuya. Doki da jaki ga su kusa da juna, ɗaya yana da ƙullin gado 64 a ƙwayar halittarsa ɗayan 62, suna haifar alfadari mai 63, shi kuma kusan kullum baya haihuwa. In 'yan gida ɗaya haka abin yake to ina ga waɗanda ko ƙasa basu haɗa ba. Hanya biyu kake da ita. Ko dai ka sa asalinsu ɗaya da mu, mutane ne da suka yi ƙaura tun da daɗewa muhalli ya sauya su, wannan kuma yana da madogara tunda mutanen Tibet jikinsu ya saba da ƙarancin iska a kan tsaunuka, Bajau masu nutso a tekun Indonesiya kuma binciken 2018 ya nuna saifarsu ta fi ta maƙwabtansu girma da kusan rabi, kuma wannan hanyar tana amsa maka tambayar me yasa suke kama da mu tun farko. Ko kuma ka bar su su kasa haihuwa, ka rubuta yadda suka ɗauki abin da abin da danginta suka ce. Ni ta biyun tafi taɓa min zuciya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, dole sai na ƙirƙirar musu yare? Kuma na yi su duka mayaƙa ne marasa tausayi, hakan yayi? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama ba dole bane. Akwai waɗanda suka yi cikakken yare, kamar Marc Okrand masanin harshe da ya tsara yaren Klingon, na wasu halittun wata duniya a fina-finan Star Trek, a shekarun 1980, da gangan ya sa a cikin jimla abin da aka aikata wa yake zuwa farko mai aikatawa a ƙarshe don ya yi wa kunne baƙunta, amma ke abin da kike buƙata bai wuce ki zaɓi sautuka kaɗan ki tsaya a kansu ba don sunayensu su yi kama da na gida ɗaya, kuma ki duba bakin da kika basu, marasa leɓe bazasu iya furta sautin 'ba' ko 'ma' ba. Ƙidaya ma haka, mu goma-goma muke yi saboda yatsu, Mayawa, wato mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya, ashirin-ashirin suka yi, mutanen Yuki na Kalifoniya kuma takwas-takwas don tsakanin yatsu suke ƙirgawa, to masu yatsu huɗu a hannu bazasu ce shekara ɗari ba in suna nufin lokaci mai tsawo, wata lambar ce cikakkiya a wajensu.

Maganar duka mayaƙa kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Duniyarmu ɗaya ce amma harsuna wajen 7,000 ake yi a cikinta, to don me duniyarsu zata zama yare ɗaya, sarki ɗaya, hali ɗaya? Kuma rundunar da ta iya ƙera jirgin da zai tsallaka taurari dole bayanta akwai maƙera da likitoci da masu koyar da yara lissafi da masu noma abin da sojan zai ci. Ki bar su mayaƙan in labarin yana buƙata, amma ki rubuta min mutum uku daga cikinsu da basu jituwa, wani tsohon soja da ya gaji, wata mai gyaran injin jirgi da bata damu da wa ya ci yaƙin ba ita dai a biya ta, da yaron da aka tura fagen fama yana tsoro yana ɓoyewa kada a gani. Ki haɗa su a ɗaki ɗaya da fursuna ɗan Adam guda su yi gardamar abin da za'a yi da shi, ki turo min shafin in kin gama mu duba tare a fitowa ta gaba.