Amsa ga 'yar'uwar da ke neman yadda za ta rubuta tarihin Mamanta

'Yar'uwa, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da dukan iyali. Tun daren jiya na ga tambayarki, cewa Mama ta kusa cika shekara da komawa gida, 'yan'uwa sun ɗora miki rubuta tarihinta da za a karanta a sujadar godiya, ke kuma duk abin da kika rubuta sai ya fito kamar na kowa. Na kasa wucewa, don wannan kayan ya taɓa hawa kaina.

Tamu mahaifiyar ta huta a 2019, a ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi. Ta bar 'ya'ya 6 da jikoki 19. Da yake ni ce malamar makaranta a gidan, aka ce ni zan rubuta. Na cika shafi biyu: mai tsoron Allah ce, mai haƙuri, mai karɓar baƙi, ginshiƙin Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma da na karanta wa babban yayanmu sai ya yi jim, ya ce, "Ai da irin wannan aka binne matar dattijo bara. Ina Mama a nan?" Maganar ta sosa min rai, amma gaskiyarsa ce.

Saboda haka ki ajiye biro tukuna, ki je wurin tsofaffin Zumunta, waɗanda suka ɗaura zane ɗaya da ita shekara da shekaru. Kada ki tambaye su wace irin mace ce, don za su ba ki yabon da kike da shi a hannu. Ki ce, "Mama, yaushe kika fara ganinta? Wace waƙa take ɗagawa? Me ya taɓa haɗa ku?" Sai ki kunna rikodar waya ki yi shiru. A haka wata tsohuwa, wadda ita ke buga tulu a ƙungiyarsu, ta buɗe min abin da muka girma muna gani ba mu gane ba. Duk lokacin da Mama za ta auna dawar tuwo, sai ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta zuba a wata ƙwarya da ke bayan randa. Mu mun ɗauka iri take ajiyewa. Ashe tun lokacin farin da aka yi a 1973 ta yi wa Allah wannan alkawari, in ƙwaryar ta cika sai ta juye a ɗan buhu, ta bi dare ta kai wa wata gwauruwa ko matar mai bishara. Ko Babanmu bai san inda hatsin ke zuwa ba.

Sannan ki nemo Littafi Mai Tsarkinta kafin wani ya ɗauke. Na Mama yana naɗe cikin leda, an ɗaure da tsumman zanen Zumunta, bangon ya rabu tuntuni. Ba ta taɓa shiga makarantar boko ba. A ajin baftisma ta koyi karatun Hausa tana da goyo, don a zamaninsu ana so mai bi ya iya buɗe Littafin da kansa. A shafin ƙarshe ta jera sunayen jikoki da fensir, da manyan baƙaƙe masu karkata, kowa da ranar haihuwarsa. Wannan jerin take bi da asuba, ƙarfe 4:30, tana durƙushe a gefen gado, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya daina zuwa sujada. Sunan nasa ma ta ja masa layi biyu. Ranar da na karanta wannan a majami'a yana zaune a baya, ban ambaci suna ba, amma ya gane.

Batun shekarar haihuwa kuwa, wanda kika ce yana ba ki wahala, kada ki ƙirƙira. Iyayenmu da yawa ba a rubuta musu ba. Ki auna da abin da kowa ya sani. Mama takan ce tana 'yar talla lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, an yi mata aure kafin yaƙin basasa na 1967, kuma ɗanta na uku yana baya aka canza kuɗi zuwa naira a 1973. Da haka muka rubuta "wajen shekara 75", muka bar shi a nan.

Wani abu kuma, ko da wasu a wannan zaure ba za su yarda da ni ba: kada ki mai da ita mala'ika. Mama tana da faɗa. In ka makara addu'ar safe za ka ji a jikinka, kuma ta taɓa yin wata uku ba ta ga maciji da facalarta a kan iyakar gona. Abin da na rubuta shi ne yadda abin ya ƙare: ana jibi za a ci Jibin Ubangiji ta ɗauki ƙwaryar fura ta je ta durƙusa wa matar da ta girme wa, don ta ce ba za ta miƙa hannu ga gurasa da ƙulli a zuciya ba. Wannan ya fi kalmar "mai haƙuri" nauyi sau goma.

Kada ki manta da maƙwabta. Wata Hajiya da suka yi shekara 40 suna musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti ta ce min Mama ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta 4. Na sa maganarta yadda ta faɗa.

Ki rubuta da Hausar da Mama ke yi, kada karatun ya wuce minti 10, sauran ki buga wa iyali daban. Mu mun ba babbar jikarta ta karanta 2 Timoti 1:5, inda Bulus ya tuna da bangaskiyar kakar Timoti da ta mahaifiyarsa, daga cikin Littafin Mama ɗin nan mai rabebben bango. In kin gama naki kina so wani ya duba, ki turo min ta akwatin saƙo, zan karanta da zuciya ɗaya.