Hukuncin ƙone shimfiɗar mahaifa don tsayar da zubar jini

Tambaya: Allah gafarta Malam, shekaruna 44, 'ya'yana bakwai. Shekara biyu ke nan ina fama da zubar jini, wani watan sai in kwana 20 ban ga tsarki ba, har an yi min ƙarin jini sau biyu. Likita ta ce za a ƙone shimfiɗar cikin mahaifata da zafi, amma maƙwabciyata ta ce Annabi (SAW) ya hana magani da wuta. Ya halatta? Daga Gwammaja, Kano.

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, baiwar Allah. Maƙwabciyarki ta ji rabin magana ne. Hanin yin lalas, wato ɗosana ƙarfe mai zafi a jiki don magani, ya zo a Bukhari, amma Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) da kansa ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu lalas saboda jini ya tsaya. Malamai suka ce hanin na wanda yake da wata mafita ne. Balle wannan aiki ba ƙarfe ake gasawa ba: 'yar na'ura ake zurawa ta bakin mahaifa, ruwan zafi ko lantarki ya lalata shimfiɗar da ke zubar da jinin, cikin 'yan mintuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne haihuwa. Bayan an yi aikin, ciki ba ya cika shiga, in kuma ya shiga akwai haɗari ga uwa da ɗa, shi ya sa ake ɗora mace a kan tsarin hana ɗaukar ciki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta yanke haihuwa baki ɗaya sai da larura. Matar da har aka rataya mata ledar jini sau biyu, a ganina larurarta ta tabbata. Saboda haka ya halatta, da sharaɗin an gwada magunguna sun gaza, an kuma yi gwaji an tabbatar ba ciwon daji ba ne. Ki shawarci maigida, don yana da haƙƙi a zuri'a, sai dai ba shi da ikon hana ki abin da zai tsare ranki. Wadda take son ƙarin haihuwa kuwa, ta nemi wata hanyar.

Abin da ba ki tambaya ba, kuma ya fi damuna: sallah. A mazhabar Malikiyya za ki ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarki, kada jimlar ta haura kwana 15. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, sai ki yi wanka, ki yi ƙunzugu, ki yi sallah da azumi.

Wallahu a'alam.