Shin Falasɗinu hamada ce kafin zuwan Yahudawan Turai?

Tambaya: Malam, na ji wani yana cewa kafin Yahudawan Turai su fara sauka a Falasɗinu ƙasar kufai ce, ba ta fitar da komai, su ne suka mayar da hamada lambu. Wani kuma ya ce ƙarya ce, dama can aljannar duniya ce. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Malam, ka yi tambaya mai nauyi, domin wannan gardama ba ta noma kaɗai ba ce. Mai cewa ƙasar kufai ce, sau da yawa abin da yake so a ji shi ne ba a ƙwace wa kowa komai ba. Shi ya sa ya kamata a bi ta da hujja.

Mu fara da ita ƙasar. Falasɗinu ƙarama ce, amma ba iri ɗaya ba ce. Akwai filin gaɓar teku daga Gaza zuwa Akka, akwai tsaunukan Ƙudus, Nabulus da Halil, akwai kwarin Marj Ibn Amir mai baƙar ƙasa, sannan akwai Naƙab a kudu, wadda ta kai kusan rabin ƙasar, kuma yawancinta hamada ce tun fil azal. Ruwan sama kuma da hunturu yake sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Watannin da mu muke cikin damina, su rani ne ƙayau.

Wannan batu na lokaci shi ne ya rikita mutane da yawa. Shaidar da aka fi kawowa ita ce ta marubucin Amurka Mark Twain, wanda ya bayyana ƙasar a matsayin busasshiya mai ban tausayi. To amma a watan Satumba na 1867 ya ratsa ta, ƙarshen rani, an daɗe da girbe alkama, ciyawa ta ƙone. Ka ɗauko baƙo ka zagaya da shi ƙauyukan Katsina a watan Maris, ka ji abin da zai rubuta. Ga shi kuma mai barkwanci ne, ba masanin gona ba.

Takardun ciniki sun fi idon matafiyi amana. Masanin tarihi Bajamushe Alexander Schölch ya bi rahotannin ofisoshin jakadancin Turai na 1856 zuwa 1882, wato kafin ayarin farko na sahyoniyawa, masu aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, ya kafa gonakinsa, ya tarar tasoshin Yafa, Haifa da Akka suna fitar da alkama, sha'ir, dawa, riɗi, man zaitun, sabulu da auduga zuwa Masar, Labanon da Turai. Ƙasar da ba ta ciyar da kanta ba ta loda hatsi a jirgi. Tun ƙarni na 18, zamanin Zahir al-Umar mai mulkin arewacin ƙasar, audugar yankin Jalil take tafiya Faransa ta Akka. Sabulun Nabulus da man zaitun na gonakin yankin ake yin sa. Shahararren lemun Yafa, irin da ake kira shamuti, manoma Larabawa ne suka samar da shi a tsakiyar ƙarni na 19, suna ba shi ruwa daga rijiyoyi. Idan ka koma baya sosai, masanin labarin ƙasa al-Maƙdisi, haifaffen Ƙudus, ya lissafa zaitun, ɓaure, inabi, rake da ayaba cikin amfanin ƙasar tun ƙarni na 10.

Shaidar da ta fi taɓa ni daga cikin gida ta fito. Ahad Ha'am, babban marubucin Yahudawa kuma mai kishin komawa can, ya ziyarci ƙasar a 1891, ya dawo ya faɗa wa mutanensa cewa suna ruɗin kansu da zaton wurin fayau yake, alhali da wuya a samu filin da ya dace da noma wanda ba a nome shi ba.

Sai dai mai cewa aljanna ce shi ma ya wuce gona da iri. Akwai fadamu masu sauro a kwarin Hula da ke arewa da wasu sassan gaɓar teku, zazzaɓi yana kashe mutane. Manomi, wato fallahi, yana fama da ushirin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da bashin masu kuɗi, garmarsa ta katako ce, amfanin da yake samu a kowace gona kaɗan ne. Dokar filaye ta 1858 ta ba attajiran birni damar rubuta filaye da sunansu. Ta haka iyalan Sursuƙ na Beirut suka mallaki yawancin Marj Ibn Amir, suka sayar wa ƙungiyoyin sahyoniyawa a shekarun 1920, aka tashi manoman da suka gaji noman wurin. A yaƙin duniya na farko kuma an sare itatuwa da yawa don hura jirgin ƙasa.

Baƙin sun zo da jari, injin jan ruwa da ilimin zamani, wannan ba a musu. Kwamitin bincike na Peel, wanda Ingila mai mulkin ƙasar a lokacin ta naɗa, ya rubuta a 1937 cewa da yawa daga filayen da suka zama gonakin lemu yashi ne ko fadama lokacin da aka saye su. Amma a waɗannan shekarun, kusan rabin gonakin lemun ƙasar a hannun Larabawa suke, su ma suna faɗaɗawa. A ganina nan ne maganar "hamada ta zama lambu" take ɓoye gaskiya: inganta gona daban, samar da ita daga babu daban, kuma ƙarancin amfanin manomi ba ya soke haƙƙinsa a kan gonarsa.

Ko aikin zamanin ma ba duka ya yi kyau ba. An tsane tafkin Hula da fadamarsa a shekarun 1950 ana murna, sai ƙasar ta riƙa zaizayewa tana kama wuta a ƙarƙashi, har a shekarun 1990 aka sake sakar wa wani ɓangarensa ruwa. A ƙauyen Battir kuwa, kudu maso yammacin Ƙudus, har yau iyalai suna raba ruwan marmaro bi da bi zuwa gonakin da kakanninsu suka jera da duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni, kuma UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihi na duniya a 2014.