Tambaya da Amsa: Ta Ina Ake Rage Nauyin Bindigar AR-15?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina da izinin mallakar bindiga, kuma ina so in haɗa AR-15 mara nauyi don harbin saiti da farauta. Wasu sun ce in fara da sayen sakata mai sauƙi, wato ƙarfen da ke kai da komowa a cikin bindiga yana cusa harsashi. Da me ya kamata in fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da sakata, fara da bututu, domin nan nauyin ya fi taruwa, kuma a gaba yake, inda hannu ya fi jin sa. AR-15 ta yau da kullum mai bututun inci 16 tana kai kilo 3 ba harsashi. Mai son sauƙi yana neman kilo 2.3 zuwa 2.5. Bututun da aka saba gani yana kai giram 800, siririn nan da ake kira fensir kuwa yana tsayawa wajen giram 600. Ba sabon abu ba ne: bindigar da Eugene Stoner ya tsara a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950 da siririn bututu ta fito. Aibinsa ɗaya, yana saurin zafi. Idan ka jera harbi da yawa, harsasai za su fara warwatsuwa a jikin allo. Mafarauci mai harbi biyu ko uku ba zai ma lura ba.

Ka kula da kaurin wurin da makarin gas ke zama, wato ƙarfen da ke kan bututu yana karkatar da gas ɗin harbi baya don ya tura sakata. A siririn bututu galibi inci 0.625 ne, a na yau da kullum 0.750. Mutane da yawa suna sayen wanda bai dace ba, sai ranar haɗawa su ga yana lilo. A bututun inci 16, zaɓi hanyar gas matsakaiciya, mai kusan inci 9. Ta fi gajeriyar mai inci 7 laushi a kafaɗa. Ɗakin harsashi kuma ya zama 5.56 ko .223 Wylde, don su biyun suna ɗaukar harsashin 5.56 da .223. Ba a saka 5.56 a ɗakin da aka yi don .223 kaɗai, matsin ya yi masa yawa. Kada bututu ya gaza inci 16, domin gajere yana shiga ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934 mai buƙatar rajista ta musamman, wasu jihohin ma suna da nasu ƙarin sharuɗɗa.

Daga bututu sai mariƙin gaba. Ɗauki siriri na alminiyam mai ramukan M-LOK na maƙala kayan haɗi, inci 12 ko 13 ya isa. Gangar jikin kuwa ka bar ta a alminiyam 7075-T6. Abin da za ka rage a wadda aka huhhuda kaɗan ne, ga ƙura tana shiga.

TAMBAYA: Na saka sakata mai sauƙi, yanzu bindigar tana jefa kwanson harsashi gaba, wani lokaci ta ƙi ɗauko harsashi na gaba. Me ya faru?

AMSA: Gas ya fi ƙarfin abin da yake turawa. Sakata da gidanta na asali suna kai giram 325, kuma an auna ramin gas ne daidai da wannan nauyi. Da ka rage shi, sai ta koma baya da gudu fiye da kima, ta buɗe tun matsi bai sauka ba, ta dawo kafin sifirin ɗin da ke cikin magazin, wato gidan harsasai, ya ɗago harsashi. Tsaya ka kalli inda kwanso ke faɗuwa, ka ɗauka bakin bindiga shi ne ƙarfe 12 na agogo. Idan yana sauka wajen ƙarfe 3 zuwa 4, lafiya lau. Ƙarfe 1 zuwa 2, gas ya yi yawa.

Magani biyu ne. Ko ka mayar da ta asali, wanda shi muka fi so ga duk bindigar da za a dogara da ita, ko ka sa makarin gas mai sukurun daidaitawa. Rufe shi, ka sa harsashi ɗaya tak a magazin, ka harba, ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har sakata ta maƙale a baya bayan harbi. Daga nan ƙara buɗewa kaɗan, saboda sanyi da datti. Bafa mai nauyi, wato ƙarfen da ke bayan sakata yana rage mata gudu, ita ma tana taimakawa: ta yau da kullum giram 85 ce, mai alamar H kusan 108. Kan sakatar dai ya kasance ƙarfen Carpenter 158 ko 9310, kuma a sa ma'auni a duba zamansa da bututu kafin harbin farko.

TAMBAYA: Ƙananan kayan titaniyam sun cancanci kuɗinsu?

AMSA: Sai a ƙarshe, idan kuɗi ya rage. Fil da sukurori giram kaɗan suke ragewa. Madubin saiti mai jan ɗigo yana wajen giram 100 zuwa 150, mai zuƙowa tare da mazauninsa yana wuce giram 600, magazin mai harsashi 30 a cike kuma kusan rabin kilo ne. Auna waɗannan a sikeli tukuna kafin ka biya kuɗin fil ɗin titaniyam.