Shawarar Lauya: Ana cajina kuɗin gas ɗin maƙwabcina a Landan, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Landan, ina zaune ni kaɗai a wani ƙaramin fulat cikin bene mai fulat shida, kuma mitocin gas ɗinmu duka suna jere a akwati ɗaya a ƙasan matakala. Tun da na tare shekara uku da suka wuce kuɗin gas ke yi mini yawa, alhali yawancin yini ina wurin aiki. Kwanan nan na lura cewa lambar mitar da ke kan takardar kuɗina ita ce ke jikin mitar da aka rubuta wa lambar fulat ɗin maƙwabcina, wanda yake da iyali mai yawa. Yanzu kamfanin na bina bashi, har ya rubuto cewa zai haɗa ni da masu karɓar bashi. In daina biya ne? Kuma wa zan nemi kuɗina a wurinsa, maƙwabcin ko mai gidan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki daina biya gaba ɗaya, kuma kada ki tunkari maƙwabcinki da maganar kuɗi. Abokin shari'arki a wannan lamari shi ne kamfanin da ke sayar miki da gas, domin da shi kike da yarjejeniya, kuma abin da yarjejeniyar ta ɗora miki shi ne kuɗin gas ɗin da ya shiga fulat ɗinki, ko da kwamfutar kamfanin ta nuna wani abu daban.

Sai dai kafin ki rubuta ko layi ɗaya, wajibi ne ki tabbatar da abin da kike zargi. A Birtaniya kowane wurin da bututun gas ya shiga yana da lambarsa ta dindindin da ake kira MPRN, mai alƙaluma shida zuwa goma, sannan ita kanta mitar tana da tata lambar da aka buga a jikinta. Duka biyun suna fitowa a takardar kuɗi, kuma kamfanin Xoserve ne ke riƙe da babban kundin da ke haɗa kowace lamba da adireshinta. Kuskuren yakan faru ne lokacin da aka raba babban gida zuwa fulat-fulat, ko lokacin da aka gama sabon gini aka yi rajistar mitoci kafin a tsayar da lambobin ƙofofi, ko kuma ranar da ma'aikaci ya zo canja mita ya rubuta ta a adireshin da ba nata ba. Amma akwai wata fuskar da mutane kan manta da ita: mai yiwuwa kundin kamfani daidai yake, rubutun da wani ya yi da alƙalami a jikin mitar ne ya kauce. Wannan rubutu ba hujja ba ne a gaban kowa.

Gwajin ba shi da wuya. Ki kashe duk abin da ke cin gas a gidanki, har da tukunyar ɗumama ruwa da ɗaki, ki sauka ki ɗauki hoton fuskar mitocin biyu yadda lambar jikinsu da alƙaluman karatunsu za su fito sarai, sannan ki kunna murhun gas duka kawunansa na 'yan mintuna ki koma ki ga wadda ta motsa. Idan maƙwabcin ya yarda ya kashe nasa kayan a lokacin, sakamakon zai fi ƙarfi, kuma ya fi kyau a ɗauki bidiyo mai nuna kwanan wata. Ina gargaɗinki da babbar murya kada ki rufe makunnin mitar da ba ki tabbatar taki ba ce don ki ga gidan da gas ɗinsa zai yanke, kamar yadda wasu ke ba da shawara, saboda katse gas ga gidan wani sannan a sake buɗe shi ba da saninsa ba yana iya barin murhu a buɗe yana zubar da iska. Haka nan dokar kiyaye lafiya a aikin gas ta 1998 ta keɓe taɓa bututu da mita ga ƙwararru masu rajista. Idan kika ji warin gas, lambar gaggawa ita ce 0800 111 999.

Da zarar gwajin ya tabbatar da zarginki, sai ki rubuta wa kamfanin ta imel ko wasiƙa, ki bayyana a layin farko cewa wannan ƙorafi ne a hukumance. Wannan kalma tana da nauyi, domin ƙa'idojin sauraron ƙorafin masu amfani da gas da lantarki na 2008 sun wajabta wa kamfani ya rubuta ƙorafin a kundinsa ya kuma bi matakan da ya shimfiɗa, kuma daga ranar ne za a fara ƙirga mako takwas ɗin da za ki jira kafin ki kai maganar gaba. Ki haɗa da hotunan, da lambar MPRN da ke takardarki, da lambobin mitocin biyu. Ki nemi su turo ma'aikacinsu ya maimaita gwajin ya ba ki rahotonsa a rubuce, su gyara rajistar a babban kundi, su dakatar da neman bashin har a kammala bincike, sannan su sake lissafa asusunki tun daga ranar da kika tare. Idan maƙwabcin yana tare da wani kamfani daban, gyaran zai buƙaci kamfanonin biyu su daidaita tsakaninsu, kuma a nan ne abin ya fi jan lokaci. Wannan aikinsu ne, kada ki yarda a mayar da ke 'yar aike tsakaninsu. Duk wanda kika yi magana da shi ta waya, ki rubuta sunansa da rana da abin da ya ce, ki kuma bi bayan kiran da gajeren imel.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi buƙatar ki buɗe ido. Idan sabon lissafi ya nuna kin biya fiye da abin da kika ƙona, kamfanin zai mayar miki da rarar. A Ingila da Wales dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara ta 1980 ta ba da shekara shida ga da'awar da ta taso daga yarjejeniya, a Sikotland kuwa shekara biyar ne, don haka shekarunki uku suna ciki ba tare da wata gardama ba. Inda gardama kan taso shi ne yadda aka yi lissafin. Idan akwai tarihin karatun mitarki ta gaskiya a hannun ɗaya kamfanin, da shi ya kamata a yi aiki. Idan babu karatun ranar da kika tare, za su yi ƙiyasi, kuma kina da damar neman a gina ƙiyasin a kan abin da mitarki ta nuna cikin makonnin da suka biyo bayan gano kuskuren, tare da la'akari da bambancin hunturu da bazara. Ki nemi a ba ki lissafin daki-daki, da farashin da ya dace da kowane zango, domin farashin gas ya yi hawa da sauka sosai daga 2022. Ki kuma duba nau'in mitar: sabbi suna ƙirga kubik mita, tsofaffi kuwa ɗaruruwan kubik ƙafa, kuma kowace lamba ɗaya ta tsohuwar mita tana daidai da kusan kubik mita 2.83. Idan aka rikita mitoci aka kuma rikita ma'auni, kuskuren yana iya kusan ninkawa uku.

Akwai yiwuwar lissafin ya juya, ya nuna cewa ke ce kika biya ƙasa da abin da kika ƙona, duk da cewa bayaninki bai nuna haka ba. Ko da hakan ta faru, tun daga watan Mayu na 2018 hukumar Ofgem mai sa ido kan kamfanonin gas da lantarki ta sanya a cikin sharuɗɗan lasisin kamfanonin cewa ba za su nemi kuɗin makamashin da aka yi amfani da shi fiye da wata 12 baya ba idan ba su caje shi daidai a lokacinsa ba, sai fa idan mai asusun ne ya kawo cikas, misali ya hana a karanta mita ko ya taɓa ta. Wannan ƙa'ida ce za ta kare maƙwabcinki, kuma ita ce dalilin da ya sa na ce ki bar shi. Babu yarjejeniya tsakaninki da shi, bai karɓi ko sisi daga hannunki ba, ya biya abin da aka rubuto masa ne. Idan kuka sasanta tsakaninku ya ba ki wani abu, rajistar tana nan a karkace, wata mai zuwa a sake komawa gidan jiya, sannan kin ba kamfanin ƙofar cewa an riga an biya ki. Abin da ya dace shi ne ki sanar da shi cikin mutunci, domin shi ma zai ga sabon lissafi, kuma ya fi kyau ya ji daga bakinki tare da labarin kariyar wata 12 ɗin.

Dalilin da ya sa ban yarda ki daina biya ba shi ne kina ƙona gas kullum, kuma wannan ɓangaren bashi ne na gaskiya. Ki karanta mitarki ta gaskiya duk wata, ki biya gwargwadon abin da ta nuna, ki rubuta musu cewa abin da kike yi ke nan kuma ragowar kina jayayya a kansa. Dokar gas ta 1986 ta hana kamfani yanke gas ko tilasta mitar kati saboda kuɗin da ake jayayya ta gaskiya a kansa, kuma mutumin da ke biyan abin da ya amince da shi ya fi sauƙin nuna cewa jayayyarsa ta gaskiya ce. Idan masu karɓar bashi suka rubuto, ki aika musu da kwafin ƙorafinki. Ki kuma duba bayananki a Experian da Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, domin alamar ƙin biya tana iya zama shekara shida a can ta hana ki rancen gida ko wata hayar, don haka ki sanya goge ta cikin buƙatunki.

Idan mako takwas suka cika ba a warware ba, ko kamfanin ya ba ki wasiƙar matsayarsa ta ƙarshe kafin nan, sai ki kai maganar ofishin Energy Ombudsman mai sasanta ƙorafi tsakanin jama'a da kamfanonin makamashi, cikin wata 12 daga ranar wasiƙar. Kyauta ne, ba kya buƙatar lauya, yana iya umartar kamfani ya gyara asusu, ya ba da haƙuri, ya biya kuɗi har zuwa fam 10,000, kuma idan kika karɓi hukuncin ya zama dole a kan kamfanin. Idan ba ki karɓa ba, ƙofar kotun ƙananan da'awa a buɗe take, ita ma har fam 10,000, amma akwai kuɗin shigar da ƙara kuma nauyin kawo hujja yana kanki, shi ya sa a ganina babu hikima a fara da ita. Ƙungiyar Citizens Advice tana taimakawa kyauta wajen tsara ƙorafi.

Mai gidan kuwa ba shi da alhaki a kan kuɗin matuƙar asusun da sunanki yake, sai dai ki nemi takardar kayan gida da aka cike ranar da kika karɓi makulli, domin sau da yawa tana ɗauke da hoton mita da karatunta, wanda shi ne zai zama mafarin sabon lissafin. Bayan an gyara rajistar, ki sa shi ko wakilinsa ya sauya rubutun da ke jikin mitocin, sannan ki duba takardar kuɗi ta farko da za ta zo ki tabbatar lambar mitar da ke kanta ita ce wadda ta motsa ranar gwaji.