Revit Kafin Lumion

Ka ce ɗaliban zanen gini na jami'ar KNUST ta Kumasi da suka zo koyon aiki ofishinmu sun matsa maka ka fara koya musu Lumion, manhajar ƙawata hoton gini, Revit, manhajar tsara ginin kansa, ya jira, kana tambaya ko ka biye musu. Kada ka kuskura, ɗana. Yaran yanzu hoto suke so, gida mai sheƙi da mota a ƙofa da itacen kwakwa, su ɗora a Instagram a yaba. Tambayi ɗayansu kaurin bangon da ya zana, sai ya tsaya kallonka.

Tambayarka ta tono min abin da har yau ke ci min rai. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ya hana mu sakat, muna aiki da janareta, wani attajiri ya ba ni zanen masaukin ɗalibai mai hawa huɗu a Ayeduase. Ina da wani yaro a lokacin, hannunsa na da kyau wajen hoto, wannan kam ba zan hana shi ba. Na bar masa aikin a Revit. Ya kwafi bangwayen hawa na biyu zuwa na uku, wuta ta ɗauke, da ta dawo ya sake kwafa, bango ya hau kan bango a wuri ɗaya. Revit bai yi shiru ba, ya fito masa da gargaɗi. Yaron ya rufe gargaɗin ko karantawa bai yi ba, don yana ɗokin saka fitilu da ciyawa. A hoto ba ka ganin komai. A jadawalin kaya kuwa bulon hawa na uku ya ninka.

Da wannan lissafin mutumin ya sa aka buga bulo, ya sayi siminti. Da gini ya kai sama bulo ya yi saura tsibi guda, ya kira ni yana ihu wai na haɗa baki da mai bulo. Ni! Ni da na fara da allon zane da fensir tun kafin manhajar zane ta AutoCAD ta shigo ofisoshin Kumasi. Ya riƙe ragowar kuɗina, kusan rabi. Abin da ya fi ƙona min rai, tun kafin nan ya lallaɓe ni da Alhaji kaza Alhaji kaza na ba shi fayil ɗin gaba ɗaya. Da shi ya gina na biyu a wani fili, ko sidi ɗaya ban gani ba. Bulon da yake kuka a kai ma can ya kai shi. Na kai ƙara gun manyan Zango a Aboabo, aka ce in yi haƙuri. Na yi, amma ban manta ba.

Wannan shi ne BIM, wato tsara gini a kwamfuta tare da bayanan kayansa, da ɗalibanka ba su gane ba: kowane bango da ka ja yana ɗauke da kauri, tsayi da irin kayansa, kuma wani zai ciro kuɗi daga aljihunsa a kan abin da ka ja. Saita matakan hawa da layukan ginshiƙai ba sai na faɗa maka ba, kowa ya san da su ake farawa. Ka hana su bangon da manhajar ta zo da shi, su gina namu, bulo inci biyar ko shida da filasta. Kowace Juma'a su buɗe jerin gargaɗi su share shi tas a gabanka. In zanen injiniya da na mai famfo sun iso, a haɗa a manhajar Navisworks a ga inda bututu ya ci karo da kankare. Kuma kowa ya yi aiki da Revit fitowar shekara guda, don tsohon Revit ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Mai aiki da manhajar ArchiCAD ya turo IFC, irin fayil ɗin da Revit ma ke buɗewa.

Mai gida kuwa PDF za a ba shi, fayil sai ya cika kuɗi. Ran Litinin ka kwashe su zuwa ginin da muke yi a Asawase da tef a hannu, kowa ya auna ɗaki ɗaya, ya dawo ya gina shi a kwamfuta, ya ƙirga min bulonsa. Wanda lissafinsa ya yi daidai da na birkila, shi za ka buɗe wa Lumion.