Amsa kan tsohuwar dalar azurfa ta Faransa mai shekarar 1873

Ɗan'uwa, ka ce ka samu wani ƙaton kwabo a cikin kayan kakarku, an rubuta 5 FRANCS da 1873, ɗaya gefen kuma hoton wani ƙato ne tsakanin mata biyu, kana tambaya ko azurfa ce. In ba jabu ba ne, azurfa ce tsaf.

Wannan shi ne faran biyar na Faransa. Dokar 1803 ce ta tsayar da cewa kowane faran ɗaya giram 5 ne, kashi 90 cikin ɗari azurfa, don haka naka ya kamata ya kai giram 25. Kai shi wurin maƙerin azurfa ya ɗora a sikeli. Maganaɗisu ba ya kama shi. A bakinsa, in bai goge ba, za ka ga DIEU PROTEGE LA FRANCE. Ƙaramin harafin A yana nufin a Paris aka buga shi, K kuwa Bordeaux.

Shekarar da ke jikinsa ta fi burge ni. A 1865 Faransa, Beljiyam, Italiya da Suwizalan suka daidaita nauyin kuɗinsu, har kwabon wannan ƙasa yana ci a waccan. Sai a wajen shekarar da aka buga naka, Jamus ta koma amfani da kuɗin zinariya, azurfar Amurka ta cika kasuwa, farashinta ya faɗi. A 1878 aka daina buga irinsa.

Har yau a Nijar faran biyar ake kira dala.

Don Allah kada ka goge shi da toka ko lemon tsami. Masu tara tsoffin kuɗi sun fi son shi da duhunsa.